Citta Ta Cinye Yatsun Dattawana

Malam mai karanta wasiƙu a rediyo, gaisuwa daga Kafanchan.

Aji uku na yi a sakandare, ba wanda ya tsaya mini. Ni na koya wa kaina aikin kafinta, na buɗe shago kusa da tashar jirgi, na yi wa cocin ƙauyenmu rufin kwano. Da kansilanmu ya rasu, aka ce a cike kujerarsa, na karɓi fom.

Doka ta ce sai mutum goma masu rajista sun sa mini hannu. Dattawanmu ba su iya rubutu ba, sai suka dangwala yatsa. Ranar rufewa na kai ofis. Jami'in zaɓe ya duba, ya ce, "Malam, uku daga ciki ba zanen yatsa, tawada ce kawai."

Baba Kure, ɗaya daga cikinsu da ya rako ni, ya miƙa masa hannu. "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake tsaga citta, wuƙa ta cinye zanen. To ga ni a gabanka, ko ba ni ba ne?"

Ya ce, "Baba, na gan ka, amma takarda za a aika Kaduna, ba kai ba."

Kafin in samo wasu, an rufe. Abokin takarata ya wuce ba hamayya.

Na san ba za a gyara ba, manomanmu kuwa ba su da wasu yatsun. Amma ko cikin waɗanda aka ƙi ba a lissafa ni ba. Don haka ka faɗa da ƙarfi, ku rubuta a littafinku: Bitrus Tanko Kafinta ya nemi kujerar nan.