Direban da Aka Fito da Shi Daga Ɗaki

Mai girma shugabar wannan ƙungiya, uwarmu Ham Sun-rye. Mai girma wakilin unguwarmu a majalisar birnin Iksan. Dattawan da suka kafa Ƙungiyar Yawon Lahadi ta 'Yan Kasuwa shekara ashirin da biyar da suka wuce, waɗanda ke zaune a nan da waɗanda suka riga mu. Masu sayar da kifi, masu kayan miya, teloli da masu gyaran takalmi. 'Ya'yanmu da jikokinmu da suka rako mu. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga wanda ya riƙo hannuna ya hawo da ni nan. Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Pyo Deok-su. Shekara goma sha tara ina tuƙa bas ɗin da ke kai wannan ƙungiya yawo. Yau shekara huɗu ke nan ba na gani. An ce yaba kyauta tukuici, ni kuwa ba ni da tukuicin da ya wuce in tsaya gabanku in faɗi abin da kuka yi mini. Maganata uku ce.

Ta farko ikirari ce. Babu tafkin da ban kai ku ba a ƙasar nan, babu mafaɗar ruwan da ban san hanyarta ba. Na san inda kwalta ta ƙare, na san inda ake juya mota. Amma ko sau ɗaya ban taɓa bin ku na je bakin ruwan ba. Kuna sauka, sai in kwantar da kujera in rufe fuska da hula. Sau nawa shugaba ta ƙwanƙwasa mini gilashi tana cewa, "Direba, taso mana, minti arba'in ne kawai." Ni kuwa amsata ɗaya: "Ruwa ne fa, Shugaba. Akwai shi a famfon gidana." Ina cewa sai na yi ritaya. Ashe ciwon suga zai riga ritaya zuwa.

Da idon ya tafi, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Wata goma sha huɗu ban taka bakin titi ba sai zuwa asibiti. Na daina amsa waya. Matata, Gu Myeong-ja, ga ta nan zaune, ita ta rufe teburinta na kasuwa, ita ke kai ni bayi, ita ke sa mini cokali a hannu, ita kuma nake yi wa tsawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: har na fara gaya mata cewa da na mutu da ta huta.

Magana ta biyu ita ce ranar da kuka zo. Wata Lahadi ce cikin bazara, da safe. Ina kwance na ji ƙarar injin da na sani kamar muryar ɗana, ya shigo lungunmu, lungun da ni kaina ban taɓa yarda in shigar da bas ba. Sai ga muryar shugaba a bakin ƙofa.

Ta ce, "Direba Pyo, mota ta cika, saura kujera ɗaya."

Na ce, "Ku tafi. Me makaho zai je yi a dutse?"

Ta ce, "To, mu arba'in da ɗaya ne. Mun tare lungu, maƙwabtanka ba su da hanyar fita. Kai ka san yadda za ka yi da su."

Sai wata murya ta shigo har ɗaki ba sallama. Bang Man-ho ne, mai gyaran takalmi. Duk ƙungiyar nan ta san ni da Yaya Bang ba ma ga maciji. Shekara goma sha tara yana zaune a bayana yana koya mini tuƙi, shi da bai iya ko keke ba. Ya jefo mini wasu takalma a ƙirji ya ce, "Tashi, malalaci. Kwana uku na yi ina sa musu sabon tafi. Da kana gani ba ka ga komai ba, yanzu wace asara za ka yi?"

Haushi ne ya tashe ni, ba ƙarfin hali ba.

Mafaɗar ruwan Jikso muka je, matata ma aka matsa mata wuri ta biyo mu. Yaya Bang ya ɗaura ɗan tawul a jakar bayansa ya ce in riƙe. Yana gaba yana kira: "Dutse. Saiwa. Matakala bakwai. Ɗaga ƙafa mana, ba birki ba ne." Tafiyar da kuke yi cikin sa'a guda, ranar sai da ta ci mana kusan uku, kuma babu wanda ya wuce gaba. Mutum arba'in suka rage sauri saboda mutum ɗaya. Na faɗi sau biyu. A na biyun na zauna a ƙasa na ce ba zan ƙara ko taku ɗaya ba. Babu wanda ya lallashe ni. Sai kawai na ji ana kwance ƙunshin abinci, wata ta danƙa mini dafaffen ƙwai, wani ya miƙo naɗin shinkafa, aka zauna ana hira kamar can ɗin aka nufa tun farko. Da muka ƙoshi na tashi da kaina.

Tun daga nesa na fara jin ruwan, kamar babbar mota na tahowa a kan gada. Da muka sauka kusa da shi, sanyi ya daki fuskata, feshi ya jiƙa mini gira, ƙasa tana ɗan rawa a ƙarƙashin takalmina. Na ce, "Yaya, gaya mini yadda yake." Ya ce, "Fari ne. Dogo ne. Kai, ni mai gyaran takalmi ne, ka ji da kunnenka." An ce gani ya kori ji. Ni kuwa da gani ya tafi, ji ya dawo gida.

Tun daga ranar ban fasa tafiya ba ko sau ɗaya. Tafki ne kawai na so in ƙi, domin tafki ba ya magana. A tafkin Uiam na ce ku bar ni a kan benci. Shugaba ta ce, "Ka ƙoshi da zama." Aka sa mini rigar hana nutsewa, aka zaunar da ni a bayan kwale-kwale, aka ba ni filafili. Yaya Bang yana gaba yana ihun "Hagu, na ce hagu," muna ta zagaye wuri ɗaya, mutanen gaɓa suna dariya har da masu tari. Amma daga baya jirgin ya miƙe. Na ji nauyinsa yana bin hannuna. Ban taɓa zaton zan sake tuƙa wani abu a duniya ba.

Magana ta uku ba tawa ba ce, kuma sai a watan jiya na san ta. Muna shan shayi na tambayi matata abin da ta gani a Jikso ranar farko, tunda ita ma ba ta taɓa zuwa ba; mijinta direban yawo ne, amma bai taɓa kai ta ko'ina ba. Ta ce, "Baban Eun-ju, ni ban tuna ruwan ba." Na ce, "Kamar yaya?" Ta ce, "Da Yaya Bang ya karɓe ka, na duba hannuwana na ga babu kowa a cikinsu. Na rasa inda zan sa su. Na koma can bayan layi ina tafiya ni kaɗai, ina kuka, shugaba tana gefena. Daren ranar na yi barcin da rabona da shi wata goma sha huɗu."

Jama'a, ni duk tsammanina mutum ɗaya kuka fito da shi daga ɗakin nan. Ashe mu biyu ne. Uwar Eun-ju, ban taɓa faɗa miki a gida ba, to bari in faɗa gaban shaidu: ki yafe mini, kuma na gode.

Zumunta a ƙafa take, ku kuwa kun taka ta har ƙofar gidana. Allah ya ƙara wa shugaba lafiya da tsawon rai. Allah ya ƙarfafa gwiwoyin tsofaffinmu, ya albarkaci kasuwarmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya tsare direbanmu na yanzu a kan kowace hanya. Allah ya raya wannan ƙungiya, ya sa duk wanda ya rufe wa kansa ƙofa ya sami masu taurin kai irinku. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.