Jirgin Kwal a Kan Gada

Mai girma shugaban taro, shugaban kwamitin wannan zaure da ya ba mu aron ɗakin sama, iyayenmu mata da maza, matanmu da ke haƙuri da mu duk ranar Asabar, direbobin jirgin ƙasa da ba su taɓa shafar baƙin mai ba, da sauran jama'a, har da waɗanda lemon kwalba ya kawo: ina yi muku sallama, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga ƙungiya da ta zaɓe ni in miƙa kyautar Direban Shekara. Ni ne mai kula da sigina, wato mai ba jirage hannu, saboda haka babu abin da ya faru a layinmu a bayan idona.

Magana ta farko bayani ce ga baƙi. Abin da muke yi a ɗakin sama wasan tuƙin jirgin ƙasa ne a kwamfuta. Kwamfutocin a haɗe suke, kowa da masana'antarsa, kowa kuma da wuyansa a hannun wani. Mahaƙar kwal tana aika kwal zuwa tashar lantarki, tashar lantarki tana ba mahaƙar wuta. Idan wutar ta ɗauke, masaƙar Tela ta tsaya, injin katakon Kafinta ya yi shiru, tandun Mai Burodi ya huce. Jirgin ɗaukar kaya shi ne ke riƙe da mu duka.

Magana ta biyu ta shafi mutum biyu da ke zaune a gabana, Mai Aski da ƙanensa Mai Kemis. Kun san gidajensu na jingine da juna, kun kuma san akwai mangwaro a kan iyaka. Wata rana aka sare babban reshensa. Mai Aski ya ce an sare masa inuwa, Mai Kemis ya ce an raba kwanon ɗakinsa da ganye. Daga nan gaisuwa ta mutu, shekaru suka yi ta wucewa. Amma ko ɗaya bai yarda ya bar ƙungiya ba, don kada a ce shi ya gudu.

Ana nan sai babbar yayarsu, wadda ta yi ritaya daga shugabancin makaranta, ta hau matattakalar nan da jakarta, ta ce ta zo koyon tuƙi. Muka karɓe ta da murna. Kafin mu farga ta karɓe rabon ayyuka, domin wanda ya taɓa zama a ajinta ba ya iya ce mata a'a, kuma yawancinmu mun zauna. Ta ba Mai Aski mahaƙar kwal, ta ba Mai Kemis tashar lantarki, ta jera musu kujeru kafaɗa da kafaɗa, ta ɗauki jirgin kwal da kanta.

Jama'a, ni na sha wahalar wannan rabo. Mai Kemis zai juyo ya ce, "Mai sigina, faɗa wa mahaƙa kwal ya yi ƙasa." Mai Aski, da gwiwar hannunsa na gogar tasa, zai ce, "Faɗa wa lantarki na ji." Na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ke shaƙar numfashin juna.

Magana ta uku ita ce ranar gada. A layinmu akwai doguwar gada mai hanya ɗaya tak, kowane jirgi ta nan yake bi. Ran nan Yaya ta cika taragai da kwal, ta taso lafiya, ta hau tsakiyar gada, ta ja birki. Ta buɗe jaka, ta fito da saƙarta, ta gyara tabarau.

Na ce, "Yaya, sigina kore ne."

Ta ce, "Na gani. Ni dai ban san inda zan kai kayan nan ba. Mai kaya da mai karɓa su yi magana da juna su gaya mini. Ta bakinka kuma ba na ji."

Jirage suka yi layi a bayanta. Kwal ɗin tashar lantarki ya yi ta raguwa muna kallo. Masaƙa ta fara rage gudu, Tela ya dafe kai. Mai Burodi ya miƙe ya ce aikin da ya yi wata da watanni yana ginawa zai rushe saboda mangwaro. Yaya kuwa saƙa take, ko ɗago kai ba ta yi. Mai Kemis na zufa, yana kallon allurar ma'aunin wutarsa tana sauka.

Da fitilun mahaƙa suka fara lumshewa, Mai Aski ya juya, ya dubi ƙanensa ido cikin ido, ya ce, "Kai Dogon Wuya, tun kana yaro ba ka iya tanadi ba. Rage wutar masaƙa mana, kafin ka kashe mu duka."

Mai Kemis ya ce, "Ni za ka koya wa aiki? Da ka loda kwal a kan lokaci da mun kai haka?"

Suka kaure da gardama, har ta gangaro kan wa ya fasa madubin Inna suna yara. Can suka tuna wa ya tsayar da jirgi, suka haɗa baki suka ce, "Yaya, don Allah ki ja kayan nan."

Ta ce, "To, yanzu na ji," ta saki birki.

Ba zan ce muku sun zama salihai ba. Yanzu faɗansu har titi ake ji, mai gadin zaure ya kai ƙara. Amma ku dubi layin gaba. Tsohuwar da ke zaune tsakaninsu mahaifiyarsu ce. Shekaru ta yi tana raba musu ranakun zuwa gaishe ta, don kada su haɗu a ƙofarta. Yau a mota ɗaya suka kawo ta, suna musu kan hanyar da ta fi kusa, ita kuma ta gaya mini ba ta taɓa jin daɗin hayaniya kamar yau ba.

Saboda haka ƙungiya ta yanke cewa Direban Shekara ita ce wadda ta fi kowa iya tsayar da jirgi. Yaya, bismillah, taso ki karɓa.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Allah ya haɗa kan zuriyarmu, ya ba matanmu ladan haƙuri, ya sanyaya zuciyar mai gadi. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ba tare da an tare masa gada ba.

Na gode.