Zoɓon Mai Tafiya Kano

Ni da na shekara sittin ina azumi ban taɓa shan azumi ko ɗaya ba, ina zaune a kasuwar Gudu ta Abuja da tsakar ranar azumi, sai wani mai sabon akwati ya tsaya gun wata Madam mai zoɓo.

"Madam, ba ni mai ƙanƙara."

"Oga, ba ka azumi ne?"

"Matafiyi ne ni. Kano za ni, an yarda in sha in rama."

"Ayya, sannu. Awa bakwai a mota!"

"Wace mota? Jirgin sama dai."

"Shi awa nawa?"

"Bai cika ɗaya ba."

"Haba oga! Ni da nake zuwa daga Kuje kullum, na fi ka daɗewa a hanya."

"Ba agogo ake dubawa ba, Madam, nisa ake dubawa. Ya fi kilomita ɗari uku. Tambayi kowane malami."

"To. Ƙarfe nawa jirgin zai tashi?"

Ya sosa ƙeya. "Goman safe... gobe."

Madam ta mayar da gorar cikin kula. "Oga, yau kam kana Gudu. Dawo da magariba, zan ajiye maka mai sanyi."