Waƙar da muka rera ranar da rumbuna ya ƙone

Malam mai gabatarwa, salama a gare ka da dukan masu sauraro. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dungas, ranar Lahadi kuma ina koya wa matasan majami'armu Maganar Allah.

Bara rumbuna ya ƙone ƙurmus. Ranar ni da uwargida muka zauna tsakar gida muka rera waƙa daga wurin da wani annabi a Littafi Mai Tsarki ya ce ko gona ba ta ba da komai ba, zai yi murna da Allah.

Bana ruwa ya cinye gonar maƙwabcina Malam Idi. Muna fada, wurin hirarmu, muna shan shayi, sai ya juyo ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal a nan, ya ce, "Mushe, ranar gobararka na ji ku ta katanga kuna waƙa. Me kuke cewa ne?"

Na dubi mazan da ke kan tabarma, duk Musulmi, duk abokaina. Babu wanda ya harare ni. Amma bakina ya ce, "Ai waƙar yara ce ta lakwal."

Ya ajiye kofinsa a hankali. "To. Na zaci wata aba ce da za ta kwantar mini da rai."

Malam mai gabatarwa, ni da nake gaya wa matasa kada su ɓoye ɗaukakar Allah! Mutum ya zo da ƙishirwa, na rufe randa.

Ku ba ni shawara. In same shi a gida shi kaɗai, ko in gyara maganar a kan tabarmar da na ɓata ta?