Ruwan Ƙauyen Mma Ya Washe

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Ayishetu mai koko daga unguwar Kalpohin a Tamale.

Mahaifiyata, Mma, tana zaune a wani ƙauye bayan Tamale, inda kowa ke shan rijiyar burtsatse ɗaya. Bara wasu mutane suka zo da injuna suna haƙa kusa da ita, wai suna neman dutsen da ake yin takin zamani da shi. Ba a jima ba ruwan ya gurɓace, yara suka fara gudawa. Mma ta kira ni tana kuka, ta ce, "Ayishetu, ruwan nan zai kashe mana jikoki."

Na bar sana'ata, na ɗebo ruwan a kwalba, ni da asambuliman ɗin ƙauyen, wato kansilansu, muka kai ofishin kula da muhalli. Ashe mutanen ba su da izinin haƙa! Aka dakatar da su, aka cike ramukan. Da aka gwada ruwan, aka ce laka ce ta shiga, ba guba ba. Wallahi a nan na durƙusa ina hamdala. Yanzu ruwan ya washe, yara sun warke.

Jama'a ku ba ni shawara: in suka dawo da izini a hannu, ina za mu kai kuka? Ina gaida Mma, na san rediyo na manne da kunnenta.