Wili Huɗu, Ɗaya Bai Amsa Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga gefen Zakirai nake rubutowa. A-kori-kurata ce ke kai geron ƙauyenmu Dawanau, kuma ramuka sun lanƙwasa mata wili. Sabo ya gagara a wannan tsadar, sai wani dillali ya kawo min na alminiyam guda huɗu, sai ƙyalli suke. Na ƙwanƙwasa su yadda Innata ke gwada tukunyar ƙasa. Uku suka amsa garau, na huɗun ya yi dum. Na zo kankare fentin, ya riƙe hannuna: "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba?"

Jama'a, ku ba ni shawara, don mutane ke zama kan buhunan nan. In wilin lafiya yake, me fentin ke ɓoyewa?