Ɗanɗanon da Ya Cinye Rumfar Yaya

Kun ƙoshi? Da gaske nake tambaya, jama'a, kun ƙoshi? To, alhamdu lillahi. Na hango wasu suna sakace, na san abinci ya kai inda aka aike shi.

Ku gafarce ni, an ce mini ba haka ake farawa ba. Bari in koma in ɗauko daga kai.

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe. Mai girma babban baƙo daga ofishin ilimi, wanda ban iya riƙe sunan muƙaminsa ba, ya yi mini afuwa. Shugabannin makarantu da ke kan dogon tebur, sakataren ƙungiya, ma'aji, 'yan kwamitin abinci, malamai maza da malamai mata, iyayena da yayyena, har da ku na can baya da fanka ba ta kai muku, assalamu alaikum.

Da yawanku ba ku san ni ba. Ni ne sabon ɗan aiken ofishin ƙungiyar malamai, wanda ya jera kujerun da kuke zaune a kai. A ofis Sabon-shiga ake ce mini. Ban daɗe da zuwa garin nan ba, karatuna kuma bai wuce firamare ba, firamaren ma ban ga ƙarshenta ba. Yau na fara riƙe abin maganar nan. Sakataren kwamitin abinci ne ya kamata ya tsaya a nan ya gode wa mai kwangilar da ya ciyar da ku, amma ya ce maƙogwaronsa ya kama. Ya ce da ni, “Kai, hau ka ce an gode, ka sauko.” Zan ce an gode, in Allah ya yarda. Sai dai akwai abin da ya tokare mini a nan, in ban fitar da shi ba godiyar ba za ta sami hanyar wucewa ba.

Kafin nan, ina godiya ga ƙungiya da ta ɗauke ni aiki, ta ba ni riga da keke. Ina godiya gare ku da kuka yi shiru kuna sauraron wanda ko allonku bai isa ya goge ba. Magana uku ce da ni.

Ta farko, yadda aka aike ni.

Shugaban kwamitin abinci ya kira ni ofishinsa ya ce, “Sabon-shiga, za a yi taron horar da malamai, sun fi ɗari uku, abin da aka ware na abinci kuwa kaɗan ne. Ka shiga gari ka nemo mana mai dafawa da sauƙi, mai tsabta, mai tsoron Allah.” Wallahi ranar na ji kaina ya yi girma. Na hau keke na fara da manyan gidajen abinci masu ƙofar gilashi. A na farko, da na faɗi abin da muke da shi, yarinyar da ke kan tebur ta dube ni ta dubi keken ta ce, “Ruwa kawai malaman za su sha?” A na biyu mai gadi bai bar ni na jingine keken ba ma.

Sai na ce ina neman me a waje alhali a gidanmu ake dafawa? Yayata, wadda ta goye ni, wadda a ɗakinta nake kwana tun da na zo, abinci take sayarwa. Rumfa ce da ita ta kwano a bakin garejin makanikai, kusa da famfo, da benci biyu da labulen buhu. A rumfar nan ta ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar babansu. Da azahar in ka je ba ka samun wurin zama, hannuwa baƙi ƙirin da man inji suna miƙo faranti.

Na ce, “Yaya, arziki ya zo.” Tana yankan albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Auta, ni da makanikaina mun san juna. Mai biya yana biya, mai cewa gobe na san ƙofar gidansu. Mutanen ofis ban san ƙofarsu ba.” Na ce, “Haba Yaya, malamai ne fa. Su ne masu koya wa yara gaskiya.” Da bakina na faɗa, da wannan bakin. Ta ajiye wuƙar ta ce, “To, tunda kai ka tsaya musu.”

Magana ta biyu, ɗanɗano.

Shugaban kwamiti ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, saboda haka duk mai son aikin ta kawo a ɗanɗana. Ni ɗanɗanon da na sani shi ne na Yaya: ta ɗiga miya a tafin hannu, ta lasa, ta ce gishiri ya ji ko bai ji ba. Ashe na ofis da kula cike da abinci ake yin sa. Kwamitin da aka ce mini 'yan mutane ne, ranar ɗanɗano sai ga direba, ga mai gadi, ga wani malami da ya zo karɓar takarda kawai ya tarar da rabonsa.

Ba Yaya kaɗai na kai ba, don kar a ce na yi son kai. Na kai matar mai walda ta layinmu, na kai Gwaggo mai abincin bakin asibiti, na kai Maman 'yan biyu. Kowacce da ranarta, kowacce da kularta, kowacce daga jarinta. Har ya zama in na shigo da safe ma'aji yana ce mini, “Sabon-shiga, yau wa ke da jarrabawa?” A yi dariya, ni ma in yi, don na ɗauka aiki ne ke tafiya. Sai daga baya na lura tun da aka fara jarrabawar nan babu wanda ya sake zuwa ofis da kwanon abinci daga gida.

Yaya ta kawo, aka suɗe kula, aka yaba. Aka ce ta sake kawowa, ma'aji ba ya nan ranar. Ta sake. Aka ce wannan da naman shanu ne, a ga yadda hannunta yake da kaza. Ta kawo da kaza. Aka ce saura a gani ko ta iya zubawa a robar nan mai murfi, ba tare da miya ta ɓata shinkafa ba. Duk ranar da za ta kawo kuwa sai ta rufe rumfa, domin azahar ɗaya ce, ba ta rabuwa biyu, kuma ita ake so a gani da kanta, a yi mata tambayoyi kan tsabta.

Makanikai ba su san kwamiti ba, yunwa suka sani. Rannan Yaya ta koma da tukwanenta ta tarar da benci ba nata ba, labule ba nata ba, wata mata tana zuba wa mutanenta abinci. Shugaban garejin ya ce, “Yi haƙuri uwar ɗaki, ciki ba ya jiran ɗanɗano. Mun ji kin koma ciyar da manya.”

Ta dawo gida ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Tun daga ranar dai ba ta sake ce mini Auta ba. Ma'aikaci take ce mini. “Ma'aikaci, ga ruwan wanka.” “Ma'aikaci, an tashi lafiya?” Matar mai walda kuwa in ta hango kekena sai ta shige gida ta saki labule.

Magana ta uku, wanda ya ci jarrabawar.

Bayan an gama cin na kowa, sai aka ce duk matan nan babu mai takardar kamfani, babu mai hatimi, ƙungiya kuma ba ta hulɗa sai da kamfani. Iyayena malamai, ni baƙo ne, baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa, amma ina tambaya: ranar da aka ɗaga cokalin farko, ba a san da hatimin ba? Ko hatimi ma sai an ƙoshi ake tunawa da shi?

Aka ba mai kwangila, ga shi can a layin gaba da wayoyinsa biyu, barka da hutawa ranka ya daɗe. Na tambayi ma'aji, na ce, “Shi yaushe ne jarrabawarsa?” Ya ce, “Kai yaro ne. Kamfani ba a ɗanɗana shi.”

Washegari mai kwangila ya tare ni a bakin ofis ya ce in raka shi gidan matar nan da kwamiti ke yabon kazarta. Ni sarkin wauta na sake murna, na shiga gaba a keke, yana bi na a mota. A tsakar gidanmu na gane ba shi da tukunya, ba shi da murhu, ko ludayi ba shi da shi. Ya ce Yaya ta dafa masa abincin taron, ya taya mata ƙasa da abin da ita ta gaya wa kwamiti. Ta dube ni, ta dubi tukwanenta da ke kife tun da aka karɓe rumfa, ta ce to. Me za ta ce? Ya ce a rage girman nama. Ya ce a liƙa takardar kamfaninsa a kan kowane murfi. Ya ce kuma kar ta shigo zauren nan, kar kwamiti ya gan ta a ji kunya.

Ku dubi murfin robar da ke ƙarƙashin kujerunku. Sunan da ke kai nasa ne, ni na liƙa da hannuna, shi ya sa wasu suka karkace. Abin da ke ciki kuwa, wanda kuka suɗe, na Yaya ne. Nawa ƙungiya ta biya kamfani, ban sani ba, ban gani ba, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Abin da na ji da kunnena shi ne ma'aji yana cewa abinci ya zarce abin da aka ware, a soke shayin safe. Shi ya sa da safen nan kuka yi ta leƙen ƙofa ba ku ga buta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ku kuma da hamma.

Ban ce wani ya yi sata ba. Wataƙila haka ake yi a ko'ina, ni ne ban yi karatun da zan gane ba. Shi ya sa na kawo muku, tunda ku ne masu ganar da wanda bai gane ba. An aike ni neman sauƙi. Malamai ba su sami sauƙi ba, an cire musu shayi an rage musu nama. Ƙungiya ba ta sami sauƙi ba, ta biya fiye da ƙarfinta. Yaya ba ta sami sauƙi ba, ta rasa rumfa, ta tashi tun asuba tana hura wuta da sunan wani. To sauƙin nan da na yi ta yawo a keke ina nema, gidan wa ya sauka? In akwai malamin lissafi a nan, ya taimake ni.

Na ga shugaban taro yana duba agogo. Na kuma ji maƙogwaron sakatare ya warke, ga shi can yana kirana da ƙarfi. Allah ya ƙara lafiya. Saura kaɗan.

Da safen nan muna ɗora tukwane a kan baro Yaya ta ce, “Ma'aikaci, na ga bakinka yana motsi. A bar kaza cikin gashinta. Kar kai ma ka rasa naka, gidan ya zama babu mai shigowa da komai.” Ban ji maganarta ba wancan karon, ga shi yau ma ban ji ba. In gobe aka ce in ajiye riga da keke, zan ajiye. Amma ni na tsaya muku a gabanta, ni na ce ku masu gaskiya ne, ba zan iya hawa nan in gode wa murfi in bar mai tukunya ba.

Roƙona kaɗan ne. In za a sake ɗanɗano, a yi shi da cokali, in kuwa da kula za a yi, a biya mai kular. In hatimi ake so, a faɗa tun wuta ba ta kama ba. Ku kuma shugabannin makarantu, duk mai taron iyaye ko na rabon sakamako, kun riga kun ɗanɗana yau, babu sauran jarrabawa. Tana nan bayan zauren nan, bayan ɗakin janareta, wajen famfo, tana kankare tukunya. Ba ta da hatimi. In an tashi, ƙofa biyu ce a zauren nan. Ta gaba tana kai mutum wajen motoci. Wanda ya bi ta baya, ko aiki bai ba ta ba, ya ce mata sannu, ta san bakin da ya ci ya san hannun da ya dafa.

Saura saƙon da aka aiko ni da shi. Mai kwangila, ranka ya daɗe, kwamiti ya ce an gode.

Allah ya saka wa malamai da alheri, ya sa albarka a allinku da muryarku, ya sa albashinku ya riƙa kai ku ƙarshen wata. Allah ya ba shugabanninmu ikon tuna wanda ke bayan gini. Allah ya buɗa wa duk wadda ta dafa ba a biya ta ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya.

Ni dole in tafi yanzu. Mai kwangila ya ƙirga robobin daidai da kawunanku, bai sa da masu dafawa ba, Yaya kuwa tun asuba ba ta sa komai a bakinta ba. Abincin robar nan da ke hannuna rabona ne, ban buɗe ba. Bari in kai mata kafin ya huce, ko za ta karɓa.

Na gode.